Gumin Samnu da Takardar Fansho

Wanda ya tashi daga Sabha ya nufi arewa maso gabas zai riski Samnu, garin dabino a yankin Fezzan na ƙasar Libiya. A gonakin wannan yanki 'yan uwanmu na Damagaram da Tawa da Maraɗi suka daɗe suna ban ruwa da hawan dabino, ana biyansu hannu da hannu. Idan tsufa ya zo, sai ɗa ko 'ya da ke zaune a wata ƙasa su ce: "Baba, ka taho wurinmu ka huta." Daga nan ofishin jakadanci zai nemi abu guda: shaidar kuɗin da ke shigo wa tsohon a kowane wata.

A Faransa, dokar 11 ga Mayu 1998 ta samar da katin zama na masu ritaya. Yana aiki shekara 10, kuma mai shi yana iya zama har shekara ɗaya a kowace tafiya, amma ana ba da shi ne ga wanda ya taɓa riƙe "carte de résident" kuma yake karɓar fanshon tsufa daga asusun Faransa. Dubai, da ta buɗe bizar masu ritaya a 2020, ta nemi shekara 55 da dirhami 20,000 a wata, ko ajiyar miliyan ɗaya. Mai burin ƙarasa kwanakinsa kusa da Madina kuwa, Saudiyya ta sa wa zaman dindindin na musamman riyal 800,000 a 2019.

Ko mai fanshon ma bai tsira ba. Za a nemi takardar asusun da ke biyansa, da bayanin banki na watanni a jere, da fassara mai hatimi. Sau da yawa abin da ke tsayar da magana ƙarami ne: fasfo ya ce Mahamadou, takardar aiki ta Larabci ta ce Muhammad, ta haihuwa kuma ta ce "né vers 1955", ba rana ba wata. Gara a daidaita waɗannan a gida tun kafin a biya kuɗin biza. Mai cin fanshon Faransa daga waje kuma dole ya aika takardar shaidar yana raye kowace shekara, in ba haka ba a dakatar da kuɗin.

Leburan Samnu fa? Libiya tana da dokar inshorar ma'aikata, mai lamba 13 ta 1980, amma ba kasafai mai gona yake yi wa baƙon lebura rajista ba. CNSS ta Nijar ma abin da aka zuba mata kaɗai ta sani. Shekara 30 na zufa ba su bar ko layi ɗaya a rubuce ba, kuma a ganina wannan ne babban rashin da matasanmu da ke can yanzu ba su lura da shi ba. Abin da yakan rage wa irin wannan dattijo shi ne bizar ziyara ta kwana 90, ɗansa ya sa hannu a kan takardar masauki, ya ɗauki nauyin cinsa da maganinsa.