Daga Tutar Shehu Zuwa Tutar Nijeriya

Tuta dai ƙyalle ne da aka ɗaura a sanda, amma darajarta ba a zaren da aka saƙa ta da shi take ba. Tana ga wanda ya bayar da ita, da kuma abin da wanda ya karɓa ya ɗauki alkawarin yi. Tarihin Kano kaɗai ya isa ya nuna haka, domin tutoci uku ne suka yi zamani a kanta daga 1804 zuwa 1960.

Ta farko ita ce tutar jihadi. Bayan Shehu Usman ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, sai ya riƙa bai wa malaman da suka yi masa mubaya'a tuta, kowa ya koma ƙasarsa. Ummarun Dallaje ya tafi da tasa Katsina, Malam Musa Zazzau, Yakubu Bauchi, Buba Yero Gombe, Modibbo Adama kuwa Fombina. Wannan tuta izini ce, watau shaidar cewa mai riƙe da ita wakili ne, ba gaban kansa yake yi ba. A Kano, Malam Jamo na Sulluɓawa, yayan Sarki Ibrahim Dabo, shi ne aka danƙa wa tutar Shehu. Daga nan aka sami sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta, wanda yake ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, tare da Madaki da Makama da Sarkin Bai.

Ta biyu kuwa da bakin bindiga ta zo. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland ta auka wa birnin ta wajen Ƙofar Dukawuya da Ƙofar Kabuga, alhali Sarki Alu yana can ya tafi Sakkwato. Sakkwato ita ma ta faɗi ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'arsa, har ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Turawa suka ɗauke tutarsa, ba a mayar da ita Sakkwato ba sai a 1960. Da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka yi wa Nijeriya shuɗiyar tuta mai tutar Ingila a kusurwa, da koren tauraro mai tsini shida a cikin jan da'ira, da kambin Sarkin Ingila a tsakiyarsa. Irin wannan tauraro ne a jikin kwabo mai huji da anini. Ba a shawarci talaka ba wajen yin ta.

Ta uku ita ce kore-fari-kore. Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi ɗan Nijeriya a Landan, shi ya ci gasar zana ta a 1959. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta. Koren yana nufin noma da albarkar ƙasa, farin kuma zaman lafiya da haɗin kai. An ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960.

Abin lura a nan shi ne, tutar jihadi malami ne ya miƙa wa almajirinsa hannu da hannu, kuma almajirin ya san wanda zai tuhume shi idan ya karkace. Tutar Turawa, biyayya kawai ta nema. Tutar ƙasa kuwa ba ta ɗauke da sunan sarki, ko alamar wata ƙabila ko addini, saboda haka ta kowa ce. To, amma Hausawa sun ce riƙon sakainar kashi ake yi wa abin da ba a ɗauka da muhimmanci ba, kuma kayan kowa ya fi saurin gamuwa da wannan. Don haka ma'aikacin da ke zaune a ofis, tuta tana kaɗawa a ƙofarsa, ya kamata ya san cewa shi ma mai tuta ne. Talakan da ke tsaye a bakin tebur ɗinsa yana jiran sa hannu, shi ne ya ba shi ita.