Karayar Ƙwauri: Abin Da Jinyar Autarmu Ta Koya Mini

 Na san kun saba jin alƙalamina a fagen soyayya, to yau kam ku yi mini afuwa, ba ƙagaggen labari na kawo muku ba. Abu ne da ya faru a gidanmu a nan Dutse, wanda har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi.

A daminar 2022 ne, saura wata uku bikin Autarmu, an riga an sa rana ana ta harhaɗa kayan ɗaki. Ta taso daga kasuwa a bayan mai babur, sai suka yi karo da Adaidaita Sahu, babur ɗin ya danne mata ƙafar hagu. Kafin labari ya iso gida, jama'a sun riga sun kwashe ta zuwa wurin wani mai ɗori a wani ƙauye kusa da gari. Ya ja ƙafar, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure tamau da tsumma, ya ce kada a kuskura a kwance sai bayan sati biyu.

Daren nan ba mu runtsa ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Yaya, wallahi ƙafata wuta take ci." An ba ta maganin ciwo, amma kamar ana ƙara mata. Goggo ta ce, "Haba Auta, ɗori ai sai da zafi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse." Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya, sai na ɗauko tocila na haska yatsunta. Sun kumbura suntum, sun yi sanyi ƙalau, faratan sun fara duhu. Na taɓa babban yatsan na ce, "Kin ji?" Ta ce, "Sama-sama."

Ban san sa'ad da na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Baba ba, na ce, "Baba, don girman Allah a kai yarinyar nan asibiti yanzu, kada a jira gari ya waye." Ya fito ya duba da kansa, bai ce uffan ba, sai ya je ya taso maƙwabcinmu mai mota.

Muna isa likita ya sa almakashi ya yanke tsumman nan. Bayan ƙura ta lafa ne ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce duk lokacin da ƙashi ya karye, naman da ke kewaye da shi sai ya kumbura. Idan aka ɗaure shi tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. Naman da jini ya daina isa gare shi kuwa cikin awanni kaɗan yake fara mutuwa, wanda ya mutu kuma ba ya dawowa, ƙarshenta sai dai a yanke ƙafa don a ceci rai. Tirƙashi! Goggo sai ta rufe fuska da mayafi.

Ya 'yar uwa mai karatu, shafa ƙwaurinki ki ji. Ƙashi biyu ne a wurin, babba a gaba wanda ke ɗaukar nauyin jiki, da siriri a gefe. Za ki ji babban fata ce kawai ta lulluɓe shi, shi ya sa in ya karye yake saurin fasa fata ya leƙo. Irin wannan karayar ba ta gida ba ce ko kaɗan. Kada a zuba toka ko gari ko mai a kan ciwon, a rufe da tsumma mai tsabta, a tallafe ƙafar, a tafi asibiti nan take don a wanke, a yi allurar tetanas, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. In ƙwayar cuta ta shiga ƙashi, ana iya shekaru ƙafa na zubar da mugunya.

Ba ina zagin masu ɗori ba ne, iyayenmu ne, kuma sun daɗe suna taimakon jama'a. Amma hannu yana laluben waje ne, ba ya ganin ciki. Tun 1895 da wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano hasken da ake hoton ƙashi da shi, likita ke iya ganin yadda karaya ta zauna ba tare da ya tsaga fata ba. Hoton ne ke nuna ko siminti ya isa, ko sai an zura dogon ƙarfe ta cikin ɓargo, ko kuma a kafa ƙarafa ta waje idan akwai babban rauni. A Dutse muna da Asibitin Rasheed Shekoni, akwai na Tarayya a Birnin Kudu, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda aka buɗe tun 1959.

Ita Auta ta yi sa'a, ƙashin bai goce sosai ba. Aka fara sa mata rabin siminti, aka ɗaga ƙafar a kan matashi har kumburi ya saɓe, sannan aka sa cikakke tun daga cinya har tushen yatsu. Mu a zatonmu magana ta ƙare, ashe yanzu aka fara. A makonnin farko sai da muka riƙa komawa ana sake hoto, domin kumburi na sauka siminti kan yi sako-sako, ƙashi ya goce ba a sani ba. Wajen sati na shida likita ya ɗaga hoton ya nuna mini wani abu fari-fari kamar gajimare a bakin karayar, ya ce sabon ƙashi ne ya fara tohowa. Daga baya aka mayar da simintin ƙasa da gwiwa, aka ba ta sanduna, ta fara taka ƙafar kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda aka umarce ta. Ƙwaurin babban mutum yakan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya haɗe, na yara ya fi sauri. Daina jin ciwo ba shi ne warkewa ba, hoto da gwajin likita su ne shaida.

Tunda dai jinya a gidajenmu kan mu 'yan mata take faɗawa, ga abin da za ki riƙa dubawa safe da dare, ko siminti ne ko ɗorin gida. Ciwon da ke ƙaruwa wanda magani ba ya taɓa shi. Yatsun da suka yi sanyi, ko suka sauya launi, ko suka mutu, ko suka kasa motsi. Wari ko ruwa daga cikin ɗaurin, ko zazzaɓi. Ko ɗaya kika gani, kada ki yi kunya, ki ta da manya ko da tsakar dare ne. Kada siminti ya jiƙe, kada a zura tsinke don sosa ƙaiƙayi. A ba mai jinya nono, ƙwai, wake, kifi da zogale. In kuma namiji ne mai shan taba, a gaya masa gaskiya, taba na jinkirta haɗewar ƙashi.

To batun biki fa? Dole aka ɗaga. 'Yan gulma suka yi ta yawo da zance wai amarya ta zama gurguwa, har wasu suka kai wa dangin ango. Shi kuwa bawan Allah duk ranar komawa asibiti da sassafe yana ƙofar gidanmu, ya ce ai ba ƙafa ya gani ya ce yana so ba. Kuɗi kam an kashe, har sai da aka taɓa na kayan ɗaki, Inna ta ce gado da kujeru ana sayen wasu, ƙafa kuwa ba a sayar da ita a kasuwa.

Bayan wata biyar aka cire siminti gaba ɗaya. Ƙafar ta fito siririya, idon sawu ya sandare, sai da ta yi makonni tana motsa shi kafin tafiya ta daidaita. A farkon 2023 aka ɗaura aure, ranar kamu kuwa da ƙafafunta biyu ta shiga fili, ni da Goggo muna ta share hawaye.

Allah Ya tsare mu da tsautsayi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.