Idon soja da aikin leza: wanne ya dace da ƙurar Adar?

A duk lokacin da aka yi shelar ɗaukar sababbin sojoji, samarin Deule da na sauran garuruwan Buza, Keita da Madawa sukan tattara takardunsu su tafi gwaji. Wani yakan tsere wa sa'o'insa a wajen gudu, amma da likita ya tsayar da shi a gaban allon haruffa, sai layukan ƙasa su rikice masa. A nan burinsa na sanya kaki yake tsayawa. Tabarau kuwa bai cika rufa wa mai bindiga asiri ba: ƙura ta dushe shi, zufa ta zame shi, ya faɗi ya fashe a kan duwatsun Adar.

Wannan matsala ce ta sa rundunar ƙasa ta Amurka ta buɗe, a shekarar 2000, wani shiri na gyara idon dakarunta da hasken leza. Aikin shi ne a sassaƙe fatar nan mai kama da gilashi da ke gaban ƙwayar ido, har haske ya riƙa sauka daidai. A hanyar farko, PRK, ana kankare saman fatar sannan a haska ta. A ta biyu, LASIK, ana yanka ɗan marfi a ɗaga, a haska ƙarƙashinsa, a mayar. Ta uku, SMILE, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2016, ta wata ƴar ƙaramar kafa ake zare abin da aka yanke.

Likitocin rundunar sun bayyana a 2005 sakamakon soja 16.111 da aka yi wa aiki daga 2000 zuwa 2003. Cikin idanu 100 da aka sake aunawa bayan wata 3, kusan 86 suna gani goma bisa goma ba tabarau, 98 kuma sun kai biyar bisa goma ko fiye. Bincike na baya ya nuna idan watanni suka shuɗe, hanyoyin kusan kunnen doki suke yi wajen ƙarfin gani.

Bambancin yana ga jinya da kuma abin da ke jiran soja a fagen daga. Mai LASIK yakan gani garau washegari, ya koma bakin aiki bayan kamar wata 1. Sai dai marfin nan ba ya komawa da ƙarfinsa na da, naushi ko reshen ƙaya yana iya gusar da shi ko bayan shekaru, kuma ido yakan bushe. Mai PRK yakan sha raɗaɗi na kwana 3 zuwa 4, ya jira kamar wata 3 kafin a tura shi daji, kuma rana mai ƙarfi tana iya sa masa hazo a ido idan bai kāre shi da baƙin tabarau ba. Amma ba shi da marfin da zai goce. Saboda haka ne mafi yawan waɗancan sojoji PRK aka yi musu.

A ƙasar da hunturu ke busar da ido, rana kuma ba ta sassauci, kowace hanya da nata haraji. Wannan lezar ta gyaran gani kuma ba ta maganin amodari ko hawan jinin ido, ba ta hana yana fitowa. Waɗannan aikin asibitin ido ne, irin na ECWA da ke Kano. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda ganinsa ke ta sauyawa, ko mai siririyar fatar ido.

Kowace runduna kuma da dokarta game da idon da aka taɓa yi wa aiki. Kafin uba ya sayar da buhunan albasarsa ko bijiminsa domin idon ɗansa, ya kamata a fara tambayar likitan soja ko za a karɓi yaron bayan aikin.