Babban janti, gajeren gefe: lissafin da ya wajaba ga masu motocin Diffa

Wanda ya tsaya a kasuwar tattasai ta Diffa lokacin da kaya ke shigowa zai ga irin wahalar da ƙafafun mota ke sha a ƙasar Manga. Buhunan busasshen tattasai suna zuwa daga gonakin bakin Komadugu, daga wajen Geskeru da Bosso da Shetimari, an jibga su a bayan Hilux da Land Cruiser har sun ɗara kan mota, fasinja kuma sun hau bisa. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a jahar cikin watan Fabrairu na 2015, aka hana hawan babura, aikin da babur ke yi ma ya koma bisa motoci. Saboda haka maganar taya a Diffa maganar abinci ce, maganar rai ce kuma.

Ga shi kuwa wata sha'awa ta shigo. Masu motoci da yawa suna cire ƙarfen da taya ke hawa, watau janti, wanda wasu ke kira wili, su sa wani babba mai ƙyalli domin ado. Yin haka ba laifi ba ne, in an san lissafinsa. Ka'idar guda ce: in janti ya ƙaru, tilas gefen taya ya ragu, domin tsayin ƙafar mota gaba ɗaya ya tsaya yadda maƙera suka tsara shi.

Lissafin yana rubuce a jikin kowace taya. A ɗauki wadda aka rubuta ma 265/70 R16. Lamba ta farko, 265, faɗin tayar ce da milimita. Ta biyu, 70, tana nufin tsayin gefen taya kashi 70 ne cikin 100 na wannan faɗi, watau wajen milimita 186. Harafin R yana nuna irin saƙar tayar, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistarta a 1946. Lamba ta ƙarshe, 16, girman janti ne da inci, inci ɗaya kuwa milimita 25 ne da ɗigo 4. In aka haɗa gefen sama da gefen ƙasa da janti, tsayin wannan ƙafa ya zama milimita 777.

To, mai motar da ya koma janti 17, tayar da ta dace da shi ita ce 265/65 R17, mai tsayin milimita 776. In janti 18 ya saya, sai 265/60 R18, mai 775. Haka yake ga ƙananan motocin cikin gari: 195/65 R15 da 205/55 R16 da 225/45 R17, dukkansu tsayinsu bai wuce milimita 632 zuwa 635 ba. Masana sun saba ba da shawarar kada bambancin tsohuwar ƙafa da sabuwa ya wuce kashi 3 cikin 100.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a canza lambar ƙarshe kaɗai. Mutum ya bar 265/70 R16 ya nemi 265/70 R18, yana zaton ɗaya ne, alhali ƙafar ta kai milimita 828, ta ƙaru da fiye da kashi 6 cikin 100. Daga nan agogon gudu ya fara ƙarya: yana nuna 100, mota kuwa tana gudun sama da 106. Inji yana jin nauyi wajen tashi, mai yana ƙarewa da sauri, birki ba ya kamawa kamar da. In an yi lodi mota ta zauna, taya ta riƙa gugar jikin mota a kowane rami, ko in an karya sitiyari duka. Ga motar da ke ja da ƙafa huɗu kuma akwai wani haɗari: in tayoyin gaba da na baya ba tsayinsu ɗaya ba, ƙarafan da ke raba ƙarfin inji suna cin juna har su lalace. Tayar ajiya ma tilas ta yi daidai da sauran.

Amma ko lissafi ya fita daidai, da sauran magana, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tayar da ta dace da titunan Turai ba lalle ta dace da Diffa ba. Gefen taya shi ne matashin da ke shanye duka tsakanin janti da ƙasa. Daga janti 16 zuwa 18 wannan matashi ya ragu daga milimita 186 zuwa 159, a ƙaramar mota kuwa daga 127 zuwa 101. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, Hanyar Haɗin Kai, wadda ta taso daga Yamai ta bi Damagaram da Gure da Maine-Soroa da Diffa har N'Gigmi, doguwa ce, kuma inda kwalta ta fashe bakin ramin kaifi gare shi. Taya mai gajeren gefe in ta faɗa irin wannan rami, janti yana datse ta, ta kumbura ko ta tsage, shi kansa jantin ya lanƙwashe ko ya fashe. Jantin baƙin ƙarfe ana iya miƙe shi da guduma a bakin hanya. Mai ƙyallin nan na alminiyam kuwa in ya tsage, tafiya ta tsaya.

Sa'an nan ga rairayi. Direbobin da ke bin hanyar N'Gurti da Agadem sun san dabarar rage iska domin taya ta baje bisa yashi, mota ta wuce ba ta kafe ba. Taya mai dogon gefe ce ke karɓar wannan dabara. Mai gajeren gefe in an rage mata iska janti ya kusa taɓa ƙasa, tana kuma iya zamewa daga bakinsa. Shi ya sa Land Cruiser ta daji ta daɗe tana tafiya da janti 16 da taya 7.50 R16, siririya mai dogon gefe. A laka da taɓon fadamun Komadugu ma, lokacin da ruwa ya cika ya malala kamar a 2019 da 2022, irin wannan taya ce ke fitar da mutum. Wanda ya fito daga yashi kuwa ya hau kwalta, ya mayar da iska kafin ya yi gudu, domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka har ta fashe.

Bayan lambar janti akwai wata lamba da harafi, misali 112S. Lambar tana faɗin nauyin da taya ɗaya ke iya ɗauka: 91 kilo 615 ne, 100 kilo 800, 112 kilo 1120. Harafin kuma iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210. Tayoyi masu gajeren gefe da yawa an yi su ne domin motocin shiga, ba na kaya ba. Wanda ya sa mai lamba 100 a gurbin mai 112 ya rage ma motarsa kilo 1280 a ƙafa huɗu, shi kuwa bai rage ko buhu ɗaya ba. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Diffa ke wuce digiri 40, irin wannan taya ce ke fashewa da mutane a sama.

Har wa yau, araha ba ta ado. Tayoyin hannu da ke zuwa daga Turai a duba shekarunsu. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Manyan kamfanoni suna cewa tayar da ta kai shekara 10 a sauke ta, ko da zanenta bai cinye ba. Wadda ke da alamar dutse da ƙanƙara kuwa ta lokacin sanyin Turai ce, robarta taushi gare ta, tana saurin cinyewa a zafi.

Kafin mai mota ya biya kuɗin janti, ya duba takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ko littafin motar, inda maƙera suka rubuta girman taya da awon iskar da ya dace. Ya tabbatar ramukan noti sun yi daidai, ya sa mai gyaran taya ya juya sitiyari dama da hagu a gabansa. Motar da aikinta bai wuce cikin gari ba tana iya ƙara inci ɗaya ba tare da damuwa ba. Wadda ke shiga gonakin tattasai da rairayin arewa kuwa, alherinta yana ga jantin da ta zo da shi.