Inuwa ce sirrin ganyen shayi mai daraja

Daga Kasuwar Dole ta Damagaram har Katako ta Yamai, ba ranar da ba mu auna ganyen shayi. Amma mu nawa ne muka san abin da ke sa wani ganye ya ninka wani kuɗi? Ɗaya daga cikin dalilan ita ce inuwa.

Itacen shayi asalinsa ɗan kurmi ne. In zafin ganyensa ya wuce digiri 35, girmansa yakan ja baya, tohon ya ƙone. Don haka a jihar Assam ta Indiya manoma ke shuka itatuwan albiziya a tsakanin layuka. Suna rage kaifin rana, suna riƙe danshi, ganyensu da ya zuba kuma ya zama taki. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu: duk wanda ya ga hatsi a ƙarƙashin gawo ya san albarkar itace a gona.

Mutanen Japan sun kai dabarar nesa. A yankin Uji, kusa da Kyoto, sukan yi wa gonar rumfa da karan shinkafa ko baƙar raga kimanin kwana 20 kafin tsinka. Rashin hasken yakan sa ganyen ya ƙara kore, ɗacinsa ya ragu, garɗinsa ya ƙaru. Da irin wannan ganye ake yin garin maca, wanda ke cikin shayi mafi tsada a duniya.

Sai dai kome ya yi yawa ɓarna ne. Inuwa in ta yi duhu, amfani yakan ragu, cutar ganye ta samu wurin zama. Shi ya sa ake sassabe rassan itatuwan da damina.

Ina ruwanmu? A shekarar 2024 tsananin zafi ya rage shayin da aka tsinka a Assam, farashi ya tashi a Indiya. Mu da ba mu noma shi, duk abin da ya taɓa gonar mai shi zai iya taɓa jarinmu.

Kuma ganyen da ya bushe ma yana son inuwa. Wanda muka shanya a faranti cikin rana, ƙamshinsa da launinsa gushewa suke, ƴan fada su koma wajen maƙwabciya. Mu rufe shi a gwangwani, nesa da rana, danshi da kayan yaji.