Alewar Sallah: Ɗaya-ɗaya Ba Tattali Ba Ne

A Amurka, daren 31 ga Oktoba na kowace shekara, yara kan bi gida-gida su dawo da jaka cike da alewa, iyaye kuma su shiga tunanin yadda za su yi da ita. Mu a Dayi ba mu san wannan biki ba, amma mun san damuwar. Duk Sallah, ƙarama ko babba, haka ma lokacin Maulidi, yara kan dawo daga yawon barka da Sallah aljihu cike da alewar madara, gullisuwa, iloka, alewa mai tsinke da biskit. Wanda aka ba kuɗi ma a teburin mai alewa yake ƙarar da su. Idan bikin ya faɗo da kaka, an kai masara da waken suya kasuwa, hannun kowa da ɗan maiƙo, sai abin ya ninka, ga kuma rake daga wajen Danja.

Dabarar iyayenmu mata a nan sananniya ce. Uwa takan karɓe alewar ta ɓoye a cikin kwalla, ta riƙa ba yaro ɗaya-ɗaya: ɗaya da hantsi, ɗaya bayan azahar, ɗaya idan ya yi kuka, ɗaya don ya yarda a aike shi. In ka tambaya a ce maka zaƙi da yawa a lokaci guda shi ke da illa, kaɗan-kaɗan kuwa ba ya komai.

Ina ganin girman wannan dabara, domin daga ƙauna ta fito. Yaron da ya cika ciki da alewa ba zai dubi tuwo ba, wani ma ya kwana da ciwon ciki. Akwai kuma tarbiyyar koya wa yaro tattali da haƙuri. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ta fuskar haƙori, gwaggonnina, ku yi mini afuwa, lissafin a juye yake.

Ba tsutsa ke cin haƙori ba. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune a dattin da ke manne da shi. Da zarar sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke zaizaye ɓawon haƙori. Cikin 'yan mintoci tsamin ke tashi, kuma yawu kan ɗauki kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ya wanke shi ya fara gyara ɓarnar. Wani mai bincike a Amurka, Robert Stephan, shi ya auna wannan tun cikin shekarun 1940. Kamar katangar ƙasa ce da damina: ruwa ɗaya mai ƙarfi idan rana ta biyo baya takan bushe, amma yayyafin da ba ya ɗaukewa shi ke kai ta ƙasa. Yaron da ya sha alewa biyar a zama ɗaya bayan ya ci abinci, sau ɗaya tsamin ya taso wa haƙoransa. Wanda aka rarraba wa biyar ɗin nan daga safe zuwa dare, sau biyar ne, yawunsa bai samu sararin gyara ba.

An gwada wannan a kan mutane, ta hanyar da ba ta da daɗin ji. Daga 1945 zuwa 1953, a asibitin Vipeholm da ke birnin Lund na ƙasar Suwidin, likitoci sun yi gwaji a kan masu lalurar ƙwaƙwalwa fiye da 400, ba tare da izininsu ba. Wasu aka ba su sukari tare da abinci, wasu aka riƙa ba su alewa mai danƙo tsakanin abinci, har guda 24 a yini. Waɗanda suka sha nasu da abinci ɓarnar ba ta yi yawa ba, masu tsotsa tsakanin abinci kuwa haƙoransu suka lalace ƙwarai. Zalunci ne, kuma yau ba hukumar da za ta amince da irinsa. Amma daga sakamakonsa mutanen ƙasar suka ɗauki al'adar da suke kai har yanzu, ta ware ranar Asabar a matsayin ranar alewar yara.

Na san abin da za a ce: ai haƙoran yarinta ne, zai yi famfara. To, turamen farko na dindindin suna fitowa ne wajen shekara shida, can ƙuryar baki, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsu na yarinta. Su ne kuwa yaro zai tauna tuwo da su har tsufa. Kogo a haƙorin yarinta ma yakan hana barci da cin abinci, ya kumbura kunci, ya sa magidanci neman kuɗin mota zuwa Malumfashi ko Funtuwa.

Kada a ɗauka ina cewa a juye wa yaro kwallar gaba ɗaya. Yawan ma yana da nasa hukunci. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kamar gram 25 ko ƙaramin cokali shida ga babba. Lemon kwalba guda mai santilita 35 yakan haura wannan shi kaɗai. Zuma tana cikin lissafin, haka mazarƙwaila, duk da ana yi musu kallon na gida marasa laifi. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnatin tarayya ta sa wa lemo a dokar kuɗi ta 2021 kuwa, ban ga ya hana kowa saye ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Inna ta ci gaba da riƙe kwallarta, sai dai ta sauya lokacin buɗe ta. A bari yaro ya ci shinkafarsa da naman Sallah, sannan a ba shi rabonsa na ranar ya shanye a zama ɗaya, ya kora da ruwa. Mai tsinke da mai danƙo su ne mafi muni saboda daɗewarsu a baki, a rage su. Bayan isha kada a ba da komai mai zaƙi, domin yawu yana raguwa idan an yi barci. A goge baki da man goge haƙori mai fuloraid, aswaki kuma ya ci gaba da aikinsa da rana.

Mu masu ba da goron Sallah ma da namu laifin, don mu ke cika aljihun. Ƙasar da ke noman gyaɗa da waken suya ba ta rasa abin ba yaro ba: ƙuli-ƙuli, awara, dafaffen ƙwai, aya, ko yankan kankana. Gyaɗa da aya dai a bar wa waɗanda suka haura shekara biyar, saboda ƙanana suna iya shaƙewa da su.