Hunturu ya kama: masu saƙar hannu na neman gurbi a kasuwannin iyaka

Duk wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Birnin Ƙonni ko ta Illela a kwanakin nan ya san hunturu ya sauka. Hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa, masu shayi da masu kunu da ƙosai sai ciniki suke. Manoman rani kuma sun fara shigo da salati da kabeji da karas da tumatir, ga rake tsibi-tsibi a bakin hanya.

Amma akwai wata haja da muke ganin ba a ba ta haƙƙinta, wato saƙar hannu ta matanmu. Da zaren ulu da kwarashi mace ke saƙa hular sanyi, da safa, da riga da mayafin jariri, tana daga cikin ɗakinta. Irin kayan nan ne ake kai wa mai jego ranar suna, kuma 'yan uwanmu Kirista na sayensu don kyautar Kirsimeti da sabuwar shekara.

Babbar kishiyar wannan sana'a ita ce gwanjo, wanda ake saukewa dila-dila a tashoshin jiragen ruwa irin su Kwatano da Lome. Rigar gwanjo ta fi araha, babu musu. Sai dai mun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar: kayan nesa suka maƙale a hanya, farashi ya tashi. Mai saƙa kuwa tana nan bayan gidanka, kuma za ta yi maka daidai awo da launin da mai saye ke so.

Matsalar ita ce lokaci. Kasuwar kayan sanyi daga Disamba ne zuwa Fabrairu. Da zafin Maris ya shigo, ko kyauta ka bayar da hula ba mai karɓa. Rigar yaro guda kan ci kwanaki a hannu, ga shi yawancin matan ba su da jarin sayen zare da yawa.

Don haka muke kira ga 'yan kasuwa: ku ba da aiki da kuɗin zare yanzu, baɗi kuma tun kaka. Ku baje kayan kusa da masu abinci da kayan lambu, inda mata suka fi tsayawa. Ku biya ladan hannu ba tare da ja-in-ja ba, domin kuɗin nan tukwanen garinmu za su koma.

Allah ya ba da kasuwa.